Sunan da Farfela ta Fitar Daga Bakina

Ni dai mantuwa gare ni. Nakan manta gishiri a miya, na taɓa baro takalmina a gidan biki na dawo da na wata. Amma ranar da aka maido ni Birnin Kebbi daga wankan jego, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bari ba.

Bari in fara da motar, don ita ta ja mini. Surukina Alhaji ɗan kasuwar albasa ne, yana da wata tsohuwar jif da ya sayo a gwanjon motocin gwamnati a Sakkwato. Irin dogayen nan ne masu ƙafa kamar raƙumi, da benci biyu a baya suna kallon juna. An ce da can masu aikin gona ke shiga fadama da ita. Kafin ta zo hannunmu ta sha wuya, da ta zo kuma ta gane da can hutu take yi. A garkar bayan ɗakina ake aje ta, a babban gidan Alhaji da ke Nassarawa, inda duk 'ya'yansa maza ke zaune da matansu.

Maigidana shi ne direbanta. Lokacin da cikina ya tsufa, zama cikin ɗaki ya gagare ni saboda zafi, sai in kai mishi ruwa garka in zauna bisa turmi ina kallonsa kwance ƙarƙashin mota. Shi mutum ne mai son a saurare shi, a gidan kuwa ba mai saurarensa sai ni. Wata rana ya ce in duƙa in leƙa. Na duƙa da ƙyar, da cikina da komai.

"Kin ga doguwar sandar ƙarhen ga da tat taso daga tsakiya tan nuhi ƙahwahun baya? Ita ta farfela. Ita ka juyawa ta tura mota."

Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a kowane bakin sandar, mai hannu huɗu, bai wuce dunƙulen hannu ba. Ya ce sunansa kuros, shi ne kamar gwiwar farfela, shi ke barinta ta lanƙwasa idan mota ta faɗa rami ta fito. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙarafa sirara kamar allurai, abincinsu giris. In an bar su da yunwa, da farko za su riƙa kuka kamar ɗan tsako. In an ƙyale, duk aka sa giya sai ka ji gwaf. In an ƙara ƙyalewa, ƙasan mota ya kama kakkarwa.

"In ta kai ga kakkarwa," in ji shi, "sauka ki taka da ƙahwa. In tac cire tas soki ƙasa, sai ta ɗaga mota ta kihe ta."

Da ya sani da bai gaya mini ba. Allah ya yi ni da tsoro tun ina yarinya, duk abin da aka ce yana kisa ba ya fita kaina. (Aji uku na yi a boko, ban fito da komai ba sai ɗan rubutun nan, amma karatun kuros zama ɗaya na haddace shi.)

Na tafi gida Argungu na haihu, namiji. Ranar suna aka sa mishi sunan Alhaji. To kun ga an sa wa bakina kwado biyu ke nan. Ɗan fari ne, ba a kiran sunansa, ba a kallonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ga shi kuma sunan suruki, wanda ko a bakin wani na ji shi sai in sunkuyar da kai. Mutane suka riƙa ce mishi Baba Ƙarami. Ni kuwa "yaron nan" nake cewa, shi ma sai ta kama dole. Har na yi arba'in ba wanda ya taɓa ganin na ɗauke shi don kaina, sai an miƙo mini an ce in ba shi nono, in karɓa ina ɓata fuska kamar an miƙo mini kayan wanki. Aka yi ta yabona. Ba wanda ya san da zarar ɗaki ya zama ba kowa sai in sa yatsa a ƙofar hancinsa in ji ko yana numfashi.

Ana cikin haka Alhaji ya tura maigidana Kudu, ya bi lodin albasa. Mota ta koma hannun yayansa, Yaya Sani. Shi Yaya Sani a ganinsa mota ba ta bukatar komai sai mai da Bisimilla. Kuma yayan miji ne. Tunda aka kawo ni gidan, maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce "ina kwana" ba, ita ma a durƙushe nake yinta, fuskata na kallon bango.

Ranar komawata da hantsi suka iso. Yaya Sani ke tuƙi, Alhaji na gefensa, don sun fara biyawa Augie ya ɗauko albasa, an ɗaure buhuna a bisa, an cusa wasu a ciki. A baya kuma Goggo Hajo ce, ƙanwar Alhaji, wadda ta zo ɗaukar jikanta. A wajenmu Inna Kulu ce za ta raka ni, ƙanwar mahaifiyata.

Tun motar na shawo kwanar gidanmu na ji kukan tsako. Na waiga ina neman kaza, ban gani ba. Da Yaya Sani ya sa giyar baya zai gyara tsayuwa, na ji gwaf, har cikin haƙorana. Ana ta loda gara, shinkafa da busasshen kifi da man shanu da fantekun alkaki da nakiya, sai na yi kamar takalmina ya cire, na duƙa na saci kallon ƙarƙashi. Kuros ɗin ya bushe ƙamas, ga wani jan gari kamar na tsatsa ya fito a bakinsa. A hannun maigidana kullum baƙi yake, yana naso.

Na matsa kusa da Inna Kulu na yi mata raɗa.

"Inna, motar ga ba ta da lahiya."

"Ke mi kis sani ga mota?" Ko kallona ba ta yi ba. "Ruhe muna baki, ga surukanki nan. Kin taɓa ganin maijego na duba mota?"

Na rufe.

Goggo Hajo ta karɓi yaron ta zauna can ƙarshen benci, bakin ƙofar baya, wai ta fi son iska. Ni aka cusa ni can ciki tsakanin buhun albasa da Inna Kulu. Na ja mayafi na rufe fuska kamar yadda ya kamata. Muka kama hanya.

Ba mu daɗe da barin gari ba Goggo ta fara.

"Kulu, ku kam kun iya tarbiyya. Diba, tunda munka taso ko ɗaga ido ba ta yi ba ta dubi inda yaro yake. Haka munka san ɗiyan mutane. Ba irin 'yan yanzu ba, macce ta haihu yau gobe ki ga tana wasa da ɗa tana yi mai waƙa, kamar ita taf fara haihuwa duniya."

Inna Kulu ta gyara zama, ta ce, "Ai gidanmu ba a haka. Uwarta ma har yau ba ta kiran sunan ɗanta na fari."

Kowace kalma ta yabon nan kamar ana ƙara ɗaure mini baki da igiya. Gaskiya ne ban dubi yaron ba. Ƙasan motar nake kallo, don tafin ƙafata ya fara jin abin da aka gaya mini. Kakkarwa. Da farko kaɗan, kamar mage na gurnani ƙarƙashin gado. Sannan murafan fanteka suka kama rawa, ƙarar-ƙarar-ƙarar.

"Ji mijina," in ji Goggo tana dariya, "jijjigar ga ta sa shi kwana. Ka ji daɗinka, angona."

Ba abin da ban saƙa ba a raina. Na ce ko in ce fitsari nake ji a tsaya? A gaban Alhaji? Gara in mutu. Na yi tari, na ƙara yin tari, Inna Kulu ta miƙo mini goro. Sai dabara ta zo mini: in yaron ya yi kuka za a tsaya a ba shi nono, in aka tsaya ƙila wani ya leƙa ƙarƙashi. Na miƙa ƙafa a hankali ta bayan fanteka, na taɓa tafin ƙafarsa da babban yatsana. Ko motsi bai yi ba. (Yaron da ke hana unguwa barci, ranar ya ga damar yin ladabi.) Goggo ta ga ƙafar, ta dube ni. Na kama ƙafar ina matsawa kamar jijiya ce ta ɗaure.

Har Alhaji da kansa ya ji. Na ji muryarsa daga gaba.

"Sani, mi ka ƙara haka?"

"Nauyi na, Alhaji. Albasa ta yi mata yawa. In an ƙara mata wuta tana bari."

Ya ƙara mata wuta.

Wallahi a nan na buɗe baki. Na tattaro numfashi, kalmar tana kan harshena, "Yaya, a tsaya." Inna Kulu ta ji na motsa, ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta murɗe mini cinya. Na haɗiye maganata da yawu. Goggo kuwa ta koma labarin wata matar jikanta da ba ta da kara, ana ta jinjina kai.

Mun kusa Ambursa, a wata 'yar gangara, abin ya faru. Da farko ƙasan motar ya ɗauki duka, dam-dam-dam, kamar mata goma sun haɗu a turmi ɗaya da taɓaren ƙarfe. Sannan wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, bayan motar ya tashi sama kamar jaki ya yi harbi, ya dawo ya daki ƙasa. Ƙofar baya ta buɗe. Na ga Goggo ta zame daga benci, na ga hannunta ya saki, na ga farin zanen da aka naɗe yaron ya bar cinyarta.

Abin da na yi daga nan, rabinsa a bakin mutane na ji shi. (Tunda na riga na faɗi sunan a gaban duniya, rubuta shi ba zai ƙara mini komai ba.)

"Ummaru! Wayyo Ummaruna! Ɗana! Ummaru!"

An ce na tsallake Inna Kulu kamar akuya. An ce na taka gwiwar Goggo. Ni dai na san na cafko shi, na san motar ta gangara gefen hanya ta tsaya cikin rairayi, na san na same ni zaune a ƙasa tsakiyar albasa, ba mayafi, ba ɗankwali, kitsona a waje. Ina shafa kansa, ina shinshina wuyansa, ina juya hannuwansa ɗaya bayan ɗaya, ina ta kiran sunan kamar mai wuridi. Na ciro nono a fili na cusa mishi a baki.

Sai daga gaban mota, cikin muryar wanda bai gama dawowa hayyacinsa ba, na ji an ce:

"Na'am?"

Alhaji ne. Hularsa ta rufe mishi ido ɗaya, hannunsa na kan goshi. Bawan Allah, tunda mahaifiyarsa ta rasu ba wanda ya kira shi da sunan nan tsirara, ya ji shi daga sama cikin ruɗewa, ya amsa.

Duniya ta yi tsit. Ba abin da ake ji sai albasa ɗaya da ke ta gangarawa bisa kwalta.

Ba wanda ya ji ciwon kirki. Alhaji ya yi ƙulu a goshi. Man shanu ya kife a kan kifi. Yaron kuwa ashe bisa buhun shinkafa ya faɗa, ko farkawa bai yi ba sai da na fizgo shi. Ciwon da ya fi kowanne shi ne gwiwar Goggo, shi kuma ba mota ta ji mata shi ba.

Goggo ta sauko tana ɗingishi, ta tsaya a kaina, ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu. Kulu, kunnena na, ko ke ma kin jiya?"

Inna Kulu ta duƙa. Ta tsinto ɗankwalina ta jefa mini a ka.

Mutane suka fito daga gonaki suna sannu-sannu, suna taya tsintar albasa. Wata tsohuwa da ta jiyo ihun tun daga nesa ta iso tana haki.

"Wane na Ummarun? Ya mutu?"

Goggo ta nuna Alhaji da haɓa, ta nuna yaron. "Ga babba, ga ƙarami. Duk nata na."

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi Alhaji da farin gemunsa, ta gane, ta kama baki. Na ga dariya na ƙoƙarin fito mata ta hanci. Da ƙasa na tsagewa don roƙo, da ta tsage ranar.

Wani direban babbar mota ya tsaya ya taimaka. Suka shiga ƙarƙashi da Yaya Sani suka kwance abin da ya rage na farfela. Ya ce irin wannan jif ɗin tana iya tafiya da ƙafafun gaba kaɗai in an bi ta a hankali. Sai aka rasa inda za a sa sandar, aka turo ta baya, tsakanin benci da benci, daidai ƙafafuna. Da ɗuminta, a lanƙwashe, bakinta a tarwatse. Haka muka ƙarasa Birnin Kebbi muna rarrafe, ni da ita muna kallon juna, tana shafa mini baƙin mai a sabon zanen fitar jego. Goggo ta karɓe yaron. Ba wanda ya ƙara yabon kowa. Inna Kulu dai na share hawaye da bakin mayafi tana cewa ƙasa-ƙasa, "Kin kashe mu. Kin kashe mu."

Kafin a gama sauke gara labari ya gama gida, kafin la'asar ya gama Nassarawa. Abin da ke ci mini rai har yau, ba wanda ya ce uffan a kan Yaya Sani. Tsautsayi ne, in ji su. Har sadakar masa aka yi, ana sa mishi albarka wai ya iya riƙe sitiyari. Labarin da ake bayarwa ba na mota ba ne, nawa ne. Matan 'yan'uwan maigidana suka samu abin yi. In an gama tuwo sai wata ta leƙo ɗakina.

"Amarya, taimaka ki kira muna Alhaji, ke yaka amsa ma."

Maƙwabciyarmu Maman Ladi, matar wani ma'aikacin asibiti daga wajen Jos, ita kaɗai ta ce ba ta ga abin magana ba. "Ba ɗanki ba ne? Wa za ki kira, ni?" Na ce mata ba za ta gane ba. (Har yau ban tabbata wace ce a cikinmu ba ta gane ba.)

Alhaji bai taɓa ce mini komai ba. In na durƙusa gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri, ya yi sauri ya wuce. Ina jin shi ma kunyar "na'am" ɗinsa yake ji. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da maigidana ya dawo daga Kudu, garka ya fara shiga kafin ɗakina. Ya shigo da fasasshen kuros a hannu, ransa a ɓace. Na ga dama ta samu, ga wanda zai fahimce ni. Na kwashe komai na gaya mishi, tun daga kukan tsako har jan garin da na gani.

Ya zaro ido. "Tun Argungu kij jiya? Kin ji kuka, kin ji gwaf, kin ji kakkarwa, kiz zamna? Mi yah hana ki magana? Da kin kashe muna yaro!"

Na ce, "Wa zan gaya ma? Yaya Sani, ko Alhaji?"

Ya juya ƙarfen a hannu. Na ɗauka lallashi zai biyo baya.

"To tunda kin yi shiru," in ji shi, "mi yas sa ba ki ida shirunki ba?"

Nan na gane ba ƙofar da aka bar mini a buɗe.

Da lokacin yaye ya yi, Goggo Hajo ta zo ta ɗauki yaron zuwa gidanta a Badariya. Al'ada ce, ɗa ya yi 'yan kwanaki wajen kaka ya manta nono a maido shi. Kwanaki suka wuce, wata ya wuce. Da aka tuntuɓe ta sai ta ce uwar da ba ta da kara ba ta iya riƙon ɗan fari, lalata shi za ta yi, ita za ta riƙe mijinta. Alhaji bai ce a'a ba. Maigidana ba ya musu da goggonsa. Ni kuma, ku ji wauta, sai na sake yin shiru. Na ce bari in nuna musu ina da kara, ƙila wannan shirun ya wanke wancan ihun. Na haɗa mishi 'yan rigunansa da hannuna, ban yi hawaye a gaban kowa ba. Ba wanda ya lura, balle ya yaba.

Yanzu yana gudu, bakinsa ya buɗe. Nakan goya ƙanwarsa in tafi Badariya da sunan gaishe da Goggo. Goggon yake ce wa Inna. Ni kuwa in ya hango ni daga zaure sai ya ƙwala mini kira da sunana, tsirara, yadda ya ji manya na faɗi. Goggo ta kwashe da dariya har tana riƙe gwiwa.

"Ku bar shi," in ji ta, "gado yay yi."

Ni ma sai in yi dariya, don ba a ce kar in yi ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ban ga wadda zan gaya wa a gidanmu ba. In dai ƙarshenta sai kin yi ihu, to ki yi shi tun mota na tsaye a ƙofar gidanku. Mara kunya za a ce miki ko ta yaya. Gara a ce miki shi ɗanki na goye a bayanki.